Shawara Ga Mai Bin Hanyar Faraku Zuwa Zugu Game Da Namun Daji

Wanda Allah Ya ƙaddara masa bin hanyar da ta tashi daga Faraku ta nufi Zugu, wato Djougou, garin nan da kakanninmu fatake suke zango a cikinsa kan hanyarsu ta Gwanja sayen goro, zai ƙetare kogin Ouémé a Bétérou, sa'an nan ya bi gefen babban gandun daji kafin ya riski ƙasar Onklou. A lokacin hunturu, sa'ad da aka cinna wa daji wuta, ba abin mamaki ba ne ya tarar da ɗan gada ko ɗan mazo kwance a gindin ciyawa shi kaɗai, ko motsi ba ya yi.

To, a nan ne tausayi yakan yaudari mutum, domin galibi wannan ɗan ba maraya ba ne. Al'adar uwarsa ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo, ba ta komowa sai ƙafa ta ɗauke. In ba rauni a jikinsa, ba kuma wuta kusa, maslaharsa ita ce a bar shi inda yake. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai sun taɓa ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a halin tafiya, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga damuwarta, sai ya umarta a mayar mata da su.

Amma idan mota ce ta buge dabba, ko tarko ya kama ta, sai a lulluɓe kanta da mayafi don hankalinta ya kwanta, a sa ta cikin kwali a inuwa. Kada a ɗura mata ruwa ko madarar gwangwani, gama sau da yawa shaƙewa ce ajalinta, ba raunin ba. Daga nan a nemi mai gari, shi kuwa ya sada mutum da ma'aikatan gandun daji, waɗanda hukumar Benin ta ɗora wa alhakin namun daji. Ɗaukar dabba a wuce da ita ba da izninsu ba yana iya jawo tuhuma a shingen farko.

Biri dai, jan biri ne ko gwaggo, a yi nesa da haƙoransa. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya nemi asibiti a Zugu ko Faraku a ranar, saboda ciwon haukan kare, wanda in alamominsa suka bayyana magani ya ƙare.

Saura ɗan birin da yara kan riƙe da igiya a bakin hanya suna neman mai saye. Na ga matafiya suna biya da niyyar ceto, alhali kuwa da wuya a raba shi da uwarsa sai an kashe ta, kuɗin nan kuma shi ne guzurin maharbi na gobe.