Darasin Ɗaukar Hoto: Idan Baƙuwar Mujiya Ta Sauka a Unguwa

Ranar 27 ga Janairu, 2021, wata farar mujiya ta sauka a filin wasa da ke cikin Central Park, babban lambun shaƙatawa na birnin Niyok a Amurka. Rabon da a ga irinta a lambun tun 1890, wato shekara 130 ke nan. Cikin 'yan sa'o'i masu kyamara suka cika wurin, har sai da ma'aikatan lambun suka tsayar da jama'a a bayan shinge, suka kuma hana wani da ya tayar da ƙaramin jirgi mara matuƙi don ya ɗauke ta daga sama. A ƙarshen Disamban 2022 kuma wata irinta ta bayyana a garin Cypress na jihar Kalifoniya, tana yini a kan rufin gidajen mutane har tsakiyar Janairu, titi ya cika da 'yan kallo.

'Yan uwa ɗalibai, waɗannan labarai biyu su ne tushen darasinmu na wannan mako. Ɗan jarida yana iya cin karo da tsuntsun da ba a saba gani ba a bishiyar makaranta ko a kan katangar maƙwabci. Tambayar ita ce: yaya zai samo hoto mai kyau ba tare da ya jawo wa tsuntsun halaka ba?

Wace ce baƙuwar?

Mujiyar ƙanƙara ake kiranta. Gidanta can ƙuryar arewacin duniya ne, a Kanada da Alaska da Rasha, inda babu bishiyoyi, don haka a ƙasa take yin sheƙa. Idanunta rawaya ne, gashi ya rufe ƙafafunta saboda sanyi, kuma idan ta buɗe fukafukai faɗinsu yakan kai kusan mita ɗaya da rabi. A lokacin hunturu wasunsu kan gangaro kudu neman abinci. Tun 2017 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da yawansu ke raguwa har ake jin tsoron makomarsu. Wadda ta iso birni ta sha doguwar tafiya, hutun da take yi da rana kuwa shi ne ƙarfin da za ta yi farauta da shi.

A duniya akwai mujiyoyi iri fiye da 200, kuma ƙasarmu tana da nata kaso. Akwai mai farar fuska zagayayya kamar faranti, wadda ke kwana cikin silin da tsofaffin gine-gine. Akwai mai jan ido kamar lemo da tukkun gashi biyu a ka. Akwai wata 'yar ƙarama da ake gani ko da rana, mai ɗigo biyu baƙaƙe a ƙeya kamar idanu. Akwai kuma babba mai kamun kifi a bakin manyan koguna, wadda samun ganinta sai an yi dace. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa ya shafe su baki ɗaya.

Ku fara sanin halinta

Idon mujiya ba ya juyawa a cikin gurbinsa kamar namu. Shi ya sa take juya kai gaba ɗaya, har digiri 270, domin ƙasusuwan wuyanta 14 ne, namu kuwa 7. Wannan ya amfani mai hoto: ba sai kun yi tafi ko fito don ta kalle ku ba. Ku tsaya shiru, da kanta za ta waiwayo.

Hausawa kan ce wane yana da baƙin jinin mujiya, kuma maganar tana da asali. Idan ƙananan tsuntsaye suka gano ta da rana, sai su taru a kanta da kuka da kai sara. Ko ta Niyok ba ta tsira ba, hankaki da shaho sun yi ta kai mata bara. Saboda haka idan kuka ji tsuntsaye sun cika bishiya ɗaya da hayaniya, ku duba rassan da kyau. Wata alamar ita ce farin kashi a gindin bishiya, da ɗan dunƙulen gashi da ƙasusuwan ɓera da take amayarwa bayan ta ci.

Tazara ita ce doka ta farko

Babu adadin taku ɗaya da ya dace da kowace mujiya, amma ita da kanta za ta gaya muku idan kun matso da yawa. Mujiyar da hankalinta ke kwance takan lumshe ido, ta saki gashin jikinta, ko ta riƙa gyara shi da baki. Wadda ta tsorata takan ware ido ta ƙura muku, ta miƙe ta tsuke jiki kamar guntun reshe, ta riƙa sauya ƙafa. Da kun ga haka, ku ja da baya a hankali.

Idan ta tashi saboda ku, an yi asara biyu. Kun rasa hoton, ita kuma ta ƙona ƙarfinta a banza, ta fito fili inda hankaka da yara masu danƙo za su gan ta. Idan tana da ƙwai ko 'ya'ya, asarar ta fi haka, domin uwa tana iya daɗewa ba ta koma ba.

Yadda za ku ɗauka da waya

Yawancinmu waya ce kyamararmu, kuma ta isa idan an bi waɗannan matakai.

Na ɗaya, lokaci. Bayan fitowar rana kaɗan, ko bayan la'asar sakaliya, haske yana da laushi kuma launin gashinta yana fitowa. Ku sa rana a bayanku. Idan kuka fuskance ta, baƙar inuwa kawai za ku samu.

Na biyu, ku hana hannu rawa. Idan haske ya ragu, kyamara takan daɗe a buɗe kafin ta kama hoto, don haka motsi kaɗan yana dusashe shi. Ku jingina da bango, ko ku ɗora wayar a kan katanga, ku sa ta ƙirga daƙiƙa uku ta ɗauka da kanta. Tsarin ɗaukar dare da ke cikin wayoyi da yawa yana buƙatar abin da ba ya motsi na 'yan daƙiƙoƙi, mujiya kuwa gwanar zama shiru ce.

Na uku, kada ku jawo hoton da yatsu har ƙarshe, domin a yawancin wayoyi hakan yana farfasa shi ne kawai. Idan makaranta ko wani malami yana da madubin hangen nesa, ku saita shi a kan tsuntsuwar, ku manna idon kyamarar wayar a inda ake sa ido. Wannan dabara tana kawo ta kusa alhali kuna nesa.

Na huɗu, ku taɓa fuskarta a kan gilashin wayar don idonta ya fito tar. Hoton tsuntsu yana rayuwa ne da ido. Idan fara ce kuma hasken ya yi yawa, ku rage shi kaɗan don zanen gashinta ya bayyana.

Na biyar, kada ku damu idan ta fito ƙarama. Mujiya a kan rufin kwano, ga tankin ruwa ga wayar lantarki, ta fi ba da labarin unguwa a kan hoton fuska zalla. Ku ajiye ta a gefe ɗaya, ku bar fili a ɓangaren da take kallo, sannan ku ɗauka da yawa ku zaɓi ɗaya.

Abubuwan da ba a yi

Ba a kunna fitilar kyamara ko a dalle ta da tocila, domin idonta na ganin duhu ne, haske mai ƙarfi yana ɗauke mata gani na ɗan lokaci. Ba a jifa ko girgiza reshe don ta buɗe ido. Ba a kunna kukan mujiya a waya, domin za ta ɗauka wata ce ta shigo mata gida. Ba a taɓa sheƙa, ba a hawa rufi, ba a kuma shiga gidan mutane ko juya kyamara cikin tsakar gidansu sai da izinin mai gida.

Wa za ku gaya wa?

A Amurka, cunkoson masoya ne ke damun baƙuwar mujiya. A wurinmu haɗarin ya sha bamban: mutane da yawa sun camfa ta, suna ganin kukanta mugun abu ne, kuma jin inda take ya isa a fito da duwatsu. Alhali ɓeraye ne babban abincin wadda ke kwana a silin, wato mai gadin rumbu ce da ba a biyanta. Saboda haka ku sanar da malamin da ke kula da ƙungiyarmu tukuna. Ku kashe alamar wuri a wayar kafin ku ɗauka, domin hoto yana iya ɗauke da adireshin inda aka yi shi. A allon nan ko a Facebook, sunan gari ya isa, ba sai an faɗi gida ko bishiya ba.

Masana kuwa suna son labarin. A kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, akwai kuma manhajar eBird ta Jami'ar Cornell, wadda aka fara a 2002, inda mutane ke ajiye bayanin tsuntsayen da suka gani. Ku rubuta kwanan wata, da lokaci, da girmanta, da launin idonta, da abin da take yi. Da irin wannan rubutu ne aka san cewa an ga farar mujiya a 1890.

Aikin mako

Kowane ɗan ƙungiya ya zaɓi tsuntsu ɗaya a harabar makaranta, kurciya ce ko hankaka, ya ɗauki hotonsa sau uku ba tare da ya sa shi tashi ba. A haɗa da bayani na jimla biyu a ƙasan hoton, a miƙa wa edita kafin taro mai zuwa. Hoto ukun da suka fi kyau za su hau wannan allo.