Idan Sikeli Ya Cije Ana Dab Da Kai Gaci

Ka sauke kilo 12 cikin wata shida, saura uku kacal ka kai inda ka sa wa ranka, sai sikeli ya cije. Kafin ka ce jikinka ya ƙi ka, fara tabbatar da cewa tsayawar ta gaske ce. Ruwa kaɗai yakan sa nauyi ya hau ko ya sauka da kilo ɗaya zuwa biyu: miyar daren jiya da ta sha gishiri da dunƙule, cikin da bai fita ba, ko kwanakin da al'ada ta gabato ga mata. Riƙa hawa sikeli da safe bayan ka zaga, kafin karin kumallo, kana kwatanta mako da mako. Ari tef ɗin tela ka auna cikinka daidai cibiya. In yana raguwa, aiki na tafiya. Sai an yi mako uku zuwa huɗu ba canji a sikeli ko tef sannan a ce an tsaya.

In ta tabbata, ba abin mamaki ba ne. Jikin da ya rage nauyi ba ya ƙona abin da yake ƙonawa a da, don haka cimar da ta ramar da kai kana kilo 90 tana iya zama daidai bukatarka a kilo 78. Wani bincike da Kevin Hall na cibiyar NIH ta Amurka da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya kiyasta cewa duk kilo ɗaya da aka sauke, abin da jiki ke ƙonawa yana raguwa da kalori 20 zuwa 30 a rana, sha'awar abinci kuwa tana ƙaruwa da kusan 100. Wato yunwa ce babbar abokiyar karawa, kuma ba ta sallama in za ta shigo. Loma takan ƙara girma, ludayi yakan ƙara cika, kai kuma kana rantsuwa ba abin da ka canza. Ba ƙarya kake yi ba. A 1992 mujallar New England Journal of Medicine ta buga nazari a kan masu cewa suna cin kaɗan amma ba sa raguwa. Da aka auna, sai aka ga sun rage kusan rabin abin da suke ci wajen lissafi.

Saboda haka ɗauki biro da takarda, ka yi mako guda kana rubuta duk abin da ya shiga bakinka. Fara da mai. Babban cokali ɗaya na man gyada ko manja kalori 120 ne, alhali a gidajenmu daga kwalba ake tuttulawa har sai ya taso a saman miya. Sai ƙullin gyadar da aka ci ana hira, ragowar taliyar yara da uwa ta ga bai kamata a zubar ba, sukarin fura, da shayi mai kauri. Lemon kwalba na roba guda yakan haura kalori 200. A irin waɗannan wuraren za ka zare kalori 200 zuwa 300 a rana ba tare da ka kwana da yunwa ba. A ganina wannan ya fi yanke tuwon dare gaba ɗaya, wanda ƙarshensa ramuwar gayya ce ranar biki.

Tuwon dai a tsaya a malmala ɗaya, a cike gurbin da wake, ƙwai, kifi, nono marar sukari da kwaɗon zogale ko rama. Suna riƙe ciki, furotin ɗinsu kuma yana kare tsoka. Tsokar ma tana son aiki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Tsugunna-tashi da ɗaga jarkar ruwa sun isa farawa. Duba kuma ko tafiyar da kake yi da ƙafa a da ta koma ta adaidaita sahu.

Barci ma yana ciki. A wani gwaji na Jami'ar Chicago a 2010, masu rage cima da aka ba su awa biyar da rabi na barci sun zubar da kitsen da bai kai rabin wanda suka zubar lokacin da suke samun awa takwas da rabi ba.

Shayin rage ƙiba da ake talla a Instagram kuwa, da yawansu maganin wankin ciki ne irin filasko. Ruwa suke fitarwa, kitse na nan daram.

Kilon ƙarshe a hankali yake tafiya. Ko rubu'in kilo a mako ci gaba ne. In awon cikinka ya sauka ƙasa da rabin tsawonka, ma'aunin da hukumar NICE ta Ingila ta amince da shi a 2022, wataƙila kilo ukun nan ba su cancanci wahalar ba. Mai shan maganin ciwon suga ya tuntuɓi likita kafin ya ƙara rage abinci. Haka wanda ya yi duk wannan na wata biyu ba canji, musamman in yana fama da kasala da yawan jin sanyi, ya nemi a gwada masa tayiroid, a kuma duba magungunan da yake sha.