Tabar Wiwi da Ƙiyasin Lokaci

Tun a 1845 likitan taɓin hankali na Faransa, Moreau de Tours, wanda ya jarraba wiwi a kansa, ya bayyana yadda mintoci kan miƙe wa mashayi tamkar sa'o'i. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun ƙarfafa wannan: idan aka nemi mashayi ya ƙiyasta daƙiƙun da suka shige, yakan zarce adadin gaskiya. Sinadarin THC, wanda Gaoni da Mechoulam suka tantance a 1964, yana taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu auna lokaci, sai agogon ciki ya yi gaggawa, na bango kuwa ya riƙa jan ƙafa. Don haka mai tattara bayanan baka ya yi hattara da “mun daɗe” daga bakin wanda yake cikin maye lokacin da abin ya faru.