Amsoshin Tambayoyinku: Asalin Sunan Natasha

Wata mai sauraronmu daga unguwar Bololo a N'Djamena, ƙasar Chadi, tana neman sanin ma'ana da asalin sunan Natasha.

To, Malama, Natasha laƙabi ne da Rashawa ke yi wa Natalya, kamar yadda Bahaushe ke ce wa Hadiza Dije. Tushensa harshen Latin ne, ma'anarsa ranar haihuwa, musamman ta Annabi Isa (AS). Ya shiga Rasha ta hanyar cocin Orthodox, saboda girmama waliyiya Natalia ta Nicomedia, Izmit ta Turkiyya a yau, wadda ta rayu a farkon ƙarni na 4. Littafin marubucin Rasha Tolstoy, "Yaƙi da Zaman Lafiya", na 1869, ya taimaka wajen yayata sunan a duniya. A Najeriya ma akwai Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi, wadda mahaifiyarta 'yar Yukiren ce. Da fatan kin gamsu.