"Tudun Mun Tsira": Ma'anarsa, Ƴan'uwansa, da Inda Muridi Ya Kamata Ya Yi Hattara da Shi

 

Bahaushe yana da kalmomi da dama na faɗin cewa abu ya kai inda ake so ya kai. Wanda ya fi yawo a bakin mutane shi ne "tudun mun tsira". Ana jin sa a rediyo idan ana maganar fitar da ƙasa daga matsin rayuwa, ana jin sa a bakin mai jinya, yanzu kuma har a zawiyya ana jin matasa suna cewa wane ya karɓi ɗariƙa, ya hau tudun mun tsira. Wannan amfani na ƙarshe shi ne abin dubawa.

Asalin hoton ba ɓoyayye ba ne ga mutumin Magariya ko Dungas. Duk wanda ya san kwarin Korama, ta wajen Bande da Waca da Guci, ya san yadda ruwan watan Agusta kan cika fadama ya shiga gidajen da ke gangare. A irin wannan dare ba a tsayawa neman kaya, a ɗauki yara da tsofaffi a nufi tudu. Sai an taka inda ruwa ba ya kaiwa, an waiwaya an ƙirga kowa, sannan a ce "mun tsira". Wato sunan tudun magana ce ta waɗanda suka riga suka isa. Aikatau ɗin da ke ciki na abin da ya wuce ne, ba "za mu tsira" ba. Shi ya sa a Hausa mai kyau an fi amfani da shi ko dai da korewa, kamar "har yanzu ba a kai tudun mun tsira ba", ko da fata, kamar "Allah Ya kai mu tudun mun tsira". Idan mutum ɗaya ne yakan ce "tudun na tsira". Kada a haɗa shi da "tudun dafawa", wannan majingina ce, ba ƙarshen tafiya ba.

Ɗan'uwansa na kusa shi ne "gaci", wato bakin kogi. "Ya kai gaci" ana faɗinsa ga aikin da yake da farko da ƙarshe: gini, shari'a, sulhu, karatu. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya kai gaci a wannan tsallaken. Amma mai tsallake kogi yakan sauka daga kwalekwale ya ci gaba da tafiya a ƙasa, don haka gaci ba ya ɗauke da ma'anar cewa haɗari ya ƙare baki ɗaya. "Cimma buri" kuwa magana ce sarai, babu hoto a cikinta. "Kwalliya ta biya kuɗin sabulu" lissafin riba ne, bai dace da ibada ba, domin bawa ba ya bin Ubangijinsa bashi.

Wanda ya fi dacewa da tafiyar muridi shi ne "haƙa ta cimma ruwa". A fadamun Korama, inda ake noman rake da rogo da tumatir, manomi kan haƙa gaba ɗaya ko biyu ya tarar da ruwa. A kan jigawa kuma sai an sha wuya an yi zurfi. Haka tarbiyya take a hannun muƙaddami: wani Allah Yana buɗa masa da wuri, wani sai ya daɗe yana zikiri bai ga komai ba. Saurin ruwa ba gwanintar mahaƙi ba ce, wurin da aka ajiye shi ne, don haka babu dalilin alfahari ga na farko ko yanke ƙauna ga na biyu. Su kansu malaman ɗariƙa da ruwa suka siffanta wannan baiwa: "faila" da Shehu Ibrahim Inyass (1900–1975) ya bayyana a 1929 ma'anarta ambaliya ce.

To amma me ke biyo bayan cimma ruwa? Duk mai garka ya san rijiyar da aka haƙa cikin rairayi ba a juya mata baya. Idan ba a ɗaure bakinta ba, gefenta ya zube. Idan ba a yashe ta ba, laka ta toshe idonta. Idan ba a jan ruwanta, ya canza wari. Ranar da aka ga ruwa ita ce ranar da aikin ban ruwa ya fara. Wannan shi ne matsayin fatahi da ma'arifa. Wanda aka buɗa wa, lazimi na safe da yamma bai faɗi a kansa ba: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Wazifa tana nan, zikirin Juma'a yana nan, salloli biyar cikin jam'i da biyayyar iyaye suna gaba da su duka.

Nan ne kuskuren cewa mai wuridi ya hau tudun mun tsira yake fitowa fili. Falalar da aka ruwaito daga Shehu Ahmadu Tijjani (ya rasu a Fas a 1815) ga mabiyansa tana tafe da sharuɗɗa, kuma Shehu Umarul Futi (ya rasu a 1864) ya jera su a littafinsa Rimahu. Daga cikinsu akwai riƙe wuridi har mutuwa, akwai kuma cewa muridi kada ya amince wa makarun Allah, wato kada ya dogara da alkawari ya saki jiki cikin saɓo. Mutumin da ya ce ya riga ya tsira, da bakinsa ya taɓa wannan sharaɗi. Ya kuma miƙa wa masu sukar ɗariƙa sandar dukanta, domin abin da suka daɗe suna jingina mata ke nan, cewa tana raba wa mutane takardar Aljanna.

Alƙur'ani ya riga ya nuna inda tudun yake. Aya ta 185 a Suratu Ali Imrana ta rataya babban rabo a kan nisantar da mutum daga wuta da shigar da shi Aljanna, aya ta ƙarshe a Suratul Hijri kuma ta sanya iyakar bauta a zuwan yaƙini, wanda masu tafsiri suka fassara da mutuwa. Saboda haka tudun mun tsira na haƙiƙa yana bayan Siraɗi. Sufaye ma ba su tsaya nan ba: abin nufi a wurinsu, wanda suke kira maƙasudi, shi ne yardar Allah da kusanci gare Shi, kuma ko "wusuli" da suke faɗi ba isa ce irin ta matafiyin da ya sauke kaya ba, domin sanin Allah ba shi da maƙura.

Ba a hana amfani da karin maganar a al'amuran duniya ba. Wanda ya tashi daga ciwo mai tsanani, ko iyalin da suka ga sabon gero bayan doguwar bazara, in sun ce sun kai tudun mun tsira, sun yi Hausa daidai. Amma idan ɗan'uwa ya kammala tarbiyya aka zo yi masa barka, abin da ya dace a ce shi ne haƙarsa ta cimma ruwa, a bi shi da addu'ar Allah Ya ba shi ikon riƙewa, Ya sa ya cika da imani.