Kwaɗo da Mabuɗi: Warware Kullewar Kwamfuta Yayin Ƙaura Zuwa Windows 11

Gabatarwa

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Tun daga lokacin ɗalibai da malamai suke ta ƙaura zuwa Windows 11, wadda ta fito a shekarar 2021. Wata abokiyar karatunmu ta kwashe hutu guda a Tibiri tana naɗar muryoyin dattawan Gobir domin kundinta, ta kuma leƙa Jiratawa ta tattara kalmomin noman rani. Da ta dawo Maraɗi sai ta kai kwamfutarta a sabunta mata. Ana kunnawa, fuskar ta koma shuɗiya tana neman lambobi 48. Duk abin da ta naɗa, da fassarar da ta jera a ELAN, da awon karin sauti da ta yi a Praat, suna ciki, ba ta da kwafi a ko'ina. Wannan darasi zai bayyana musabbabin irin wannan kullewa, da hanyar fita, da abin da ya kamata a yi tun ba a shiga ba.

1. Kwaɗo uku ne, ba ɗaya ba

Ɗalibin ƙirar kalma ya san cewa "makulli" da "mabuɗi" sunayen kayan aiki ne masu ƙira ɗaya, daga "kulle" da "buɗe", kuma a bakin jama'a sukan nufi abu guda. A nan za mu kira abin da ya tsare hanya kwaɗo, abin da ke sakinsa kuma mabuɗi. Matakin farko shi ne gane wane kwaɗo ne a gabanka.

Na farko shi ne kalmar sirri ta BIOS, wadda kwamfuta ke tambaya tun Windows bai taso ba, ko lokacin da aka nemi shiga saitunan inji. Na biyu shi ne BitLocker, wanda ke rikiɗa duk abin da ke rumbun ajiya ya zama ba ya karantuwa sai da mabuɗi. Na uku shi ne kalmar shiga Windows da kowa ya sani. Na ukun yana da sauƙin gyara. Na biyun ne ke cin kundin digiri.

2. Me ya sa yake datsewa?

Windows 11 yana buƙatar wani ɗan guntun lantarki mai suna TPM 2.0, da inji mai iya aiki da tsarin Secure Boot. Mabuɗin BitLocker a cikin TPM yake. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, wannan guntu yakan auna yanayin tashinta ya gwada da wanda ya sani. In sun dace, ya saki mabuɗi ba tare da mai ita ya lura ba. In an taɓa saitunan BIOS, ko an sabunta shi, ko an kashe Secure Boot, sai ya ɗauka rumbun ya faɗa hannun ɓarawo, ya riƙe mabuɗin. Kamar maigadi ne da ya saba da fuskar maigida, ranar da ya dawo da amawali ya ce sai ya ga shaida. Waɗannan saituna kuwa su ne ainihin waɗanda mai gyara yake taɓawa domin Windows 11 ya yarda ya shiga.

Mutane da dama ba su ma san BitLocker na aiki a kwamfutarsu ba, domin a injuna da yawa yakan kunna kansa da zarar an shiga da asusun Microsoft.

3. Idan ta riga ta kulle

a) Kada ka yarda a goge rumbu, kada kuma a share TPM. Bayananka suna nan lafiya muddin ba a yi ɗayan biyun ba.

b) Rubuta haruffa da lambobi takwas na farko na shaidar mabuɗi da ke bisa shuɗiyar fuskar. Da su za ka gane mabuɗin da ya dace in ka tarar da fiye da ɗaya.

c) Ta wayar salula ka shiga aka.ms/myrecoverykey da asusun Microsoft da aka fara buɗe kwamfutar da shi. Sau da yawa asusun na wanda ya saita ta ne: yaya, ko malami, ko mai shago. A tambaye su. Abokiyar tamu a asusun wanta aka samo nata, bayan kwana biyu ana nema.

d) Mabuɗin rukuni takwas ne, kowane da lambobi shida, kuma kowane rukuni yana rabuwa da 11 ba saura. Saboda haka injin kan gane kuskuren bugu tun ba a kai ƙarshe ba.

e) In ba a sami mabuɗi ba, a mayar da saitin BIOS daidai yadda yake kafin a taɓa shi, a sake kunnawa. Sau da dama TPM kan sake gane injin ya buɗe.

In duk waɗannan sun faskara, a san cewa ko Microsoft ba ya iya ƙera wani mabuɗi. Wanda ya ce zai fasa BitLocker a shagonsa, goge rumbun zai yi.

4. Tarkon kibod

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yawancin kwamfutocin Nijar kibod ɗinsu na Faransa ne, wato AZERTY, alhali waɗanda ke shigowa ta Jibiya da Katsina galibi QWERTY ne. Kafin Windows ya taso, inji yakan karanta maɓallai da tsarin Amurka ko da me aka zana a kansu. Ka danna A ya ji Q, ka danna Z ya ji W, M ma ba ta wurinta. Lambobin layin sama, da aka saba haɗa su da Shift, a nan kai tsaye suke fita. Mutum sai ya rantse kalmar sirrinsa ce ya buga, injin ya ƙi. A fuskar BitLocker ana iya amfani da F1 zuwa F9 a madadin 1 zuwa 9, F10 kuma a madadin sifili. Haka nan kada a saka ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ cikin kalmar sirrin da za a buƙata a wannan mataki, domin manhajar da ke samar da haruffa masu lanƙwasa ba ta riga ta tashi ba.

5. Kwamfutar hannu

Injunan hannu da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Kano da yawansu daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito. Wasu na zuwa da kalmar BIOS ta tsohon kamfani, kuma cire ƙaramin batirin ciki ba ya goge ta a yawancin injunan zamani. Kafin ka biya kuɗi, ka sa mai shago ya shiga BIOS a gabanka. Ka kuma sa a zuba sabon Windows da asusunka tun ba ka ajiye komai ba.

6. Kafin sabuntawa

Kwafi muryoyi da rubuce-rubuce a wuri biyu, ɗaya a filash ko rumbun waje. Buɗe tagar umarni da ikon mai gudanarwa ka rubuta manage-bde -protectors -get C: domin ganin mabuɗinka, ka kwafe shi da biro a takarda. Dakatar da BitLocker daga saitunansa kafin a taɓa BIOS, ka mayar bayan an gama. Cika batir, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta BIOS kan iya kashe injin baki ɗaya.

Kammalawa

Kwamfuta in ta lalace ana sayen wata. Tsohon da ya ba ka kirarin sarakunan Gobir a Tibiri kuwa, mai yiwuwa ka koma baɗi ka tarar ya riga mu gidan gaskiya, kuma abin da ya faɗa amana ce a hannunka. Rigakafi ya fi magani: a yau, kafin ka rufe wannan mujalla, ka nemo lambobinka 48 ka adana su inda kake ajiye takardar haihuwarka.