Awa Guda Cikin Sakan 15

Da damina hadari kan shafe awa guda yana haɗuwa a bisa duwatsun Kazaure, amma kyamara tana iya nuna haɗuwar tasa cikin sakan 15. Dabarar ita ce a riƙa ɗaukar hoto ɗaya bayan kowane sakan 10. A awa guda an tara hotuna 360 ke nan. Idan aka haska 24 a kowane sakan, kamar yadda ake yi a silima, sai a ga gizagizai suna gudu kamar ana kora su.

Wuyar aikin tana bayyana ne sa'ad da ake son kyamarar ita ma ta yi tafiya. A ce za ta gusa santimita 36 a kan miƙaƙƙen ƙarfe: tsakanin hoto da hoto rabonta milimita 1 tak. Babu hannun da zai maimaita wannan ɗaruruwan sau ba kuskure, kuma gargada ɗaya ta isa ta ɓata fim ɗin duka.

Don haka ake amfani da injin lantarki mai taku. Shi ba ya juyawa babu tsayawa. Duk bugun lantarki ɗaya, taku ɗaya. Galibin irinsa taku 200 ne zagayensu, wato digiri 1.8 kowane taku. Ƙaramar kwamfuta irin Arduino, wadda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005, ita ke ƙirga bugun: ta gusa da kyamara, ta tsayar da ita, ta jira girgiza ta lafa, sannan ta ɗauki hoto. Jiran nan ne ya fi sauƙin rainawa, alhali in babu shi hotunan dishi-dishi za su fito.